Iyakar Nasiha da Fatawa ga Masu Haɗa Taskar Ilimi Mai Mahaɗai

Tambaya: Wasu ɗaliban ilimi a nan ƙasar Musawa sun ɗauki aikin tattara amsoshin malamai a kan tsarki, zakka, aure da ciniki, suna zuba su cikin taska guda ta waya da kwamfuta, yadda mai karatu zai latsa kalma ta kai shi wata mas'ala, daga can kuma ta kai shi wata. Shin wannan aiki yana cikin nasiha? Kuma ina ne iyakarsa, wadda in suka ƙetare ta sun shiga abin da ba huruminsu ba?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Wannan aiki ne mai kyau, kuma yana cikin nasihar da Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya sanya ta ginshiƙin addini a hadisin Tamimud Dari da Muslim ya ruwaito. Sai dai ka sani, ya kai ɗan'uwa, cewa mahaɗi shi kansa magana ce. Duk wanda ya ɗaura wata amsa a jikin wata, to ya ce wa mai karatu ne: wannan ma ta shafe ka. Idan ba ta shafe shi ba, an ba shi fatawa ba da ilimi ba, ko da kowace amsa daga cikin biyun daidai take a inda aka faɗe ta. Abu Dawud ya ruwaito cewa zunubin wanda aka ba wa fatawa ba da ilimi ba yana kan wanda ya ba shi ita, ya kuma ruwaito cewa wanda aka nemi shawararsa amana aka ba shi. Saboda haka wajibi ne mai tattarawa ya san inda kowace amsa ta tsaya, ya kuma rubuta wannan iyakar a jikinta.

Abubuwa huɗu da ake cakuɗawa

Nasiha ita ce nufin alheri ga ɗan'uwanka da nuna masa shi. Kowane Musulmi yana yinta gwargwadon abin da ya sani da yaƙini, kamar wajibcin salla da haramcin riba.

Karantarwa ita ce bayyana hukunci a dunƙule yadda yake a littafi: sharuɗɗan kaza su ne kaza, abubuwan da ke ɓata shi su ne kaza.

Fatawa ita ce ɗora wannan hukunci a kan wani mutum sananne da wani al'amari sananne, bayan an tambaye shi an fahimci halinsa.

Hukuncin alƙali kuwa shi ne yanke magana tsakanin masu jayayya, kuma yana lizimtar su. Imamul Ƙarafi (ya rasu shekara ta 684 bayan Hijira) ya wallafa littafi guda mai suna Al'ihkam domin rarrabe fatawa da hukunci.

Taskar da ake magana a kanta tana iya ɗaukar nasiha da karantarwa. Fatawa kuwa, abin da take ɗauka shi ne labarin fatawar da aka ba wa wani. Hukunci ba ta da rabo a cikinsa ko kaɗan.

Yadda magabata suka ƙulla littattafai da juna

Tsarin latsa kalma ta kai ka wani rubutu ya bazu ne bayan wani masanin kwamfuta ɗan Ingila, Tim Berners-Lee, ya gabatar da shi a shekarar 1989 a cibiyar bincike ta CERN. Amma duk wanda ya zauna a zaure ya ɗauki karatu tun daga Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari har zuwa Muhtasar ya san irin wannan ƙulli tun kafin nan. Matani yana tsakiyar shafi, sharhi yana kewaye da shi, hashiya tana gefe, ɗalibi kuma yana ƙara fassarar malaminsa da ajami a tsakanin layuka.

Dubi Muhtasar na Shaihu Halil. A gabatarwarsa ya bayyana alamomin da zai yi amfani da su. Akwai lafazin da yake mayar da kai ga Mudawwana ta Sahnun (ya rasu 240). Akwai lafuzza huɗu da ya keɓe wa malamai huɗu: Lahmi, Ibnu Yunus, Ibnu Rushdi da Maziri, kuma sigar kalmar tana nuna maka ko ra'ayin malamin ne na kansa ko ya zaɓo shi ne daga saɓanin da ya gabata. Akwai lafazin da yake nuna an saɓa a kan wace magana ce mashahuriya, da wanda yake nuna bai samu wanda ya rinjayar da ɗaya ba, da wanda yake nuna malaman baya sun yi kai-kawo. Wato kowane mahaɗi nasa yana faɗa maka inda zai kai ka, yana kuma faɗa maka ƙarfin maganar da za ka tarar a can.

Sannan masu sharhi suka biyo: Mawwaƙ, Haɗɗab, Zurƙani, Harshi, Dardir, sai hashiyoyin Bannani da Rahuni da Dasuƙi. Malaman Magrib ba su ɗauki waɗannan duka a matsayi guda ba. Sun yi gargaɗi kan dogaro da abin da Ujhuri da almajiransa suka kaɗaita da shi sai an duba masu hashiyar da suka tace shi. Nabigatul Gallawi, malamin Shingiɗi, ya tsara wannan gargaɗi a waƙensa Buɗulaihiyya, inda ya jera littattafan da ake fatawa da su da waɗanda ba a yi. Ƙarafi ma ya hana fatawa da littafin da ba a san shi ba, da kuma rubutun gefen littafi da ba a tabbatar da ingancinsa ba. Ibnu Farhun ya bayyana cewa hanin yana kan rubutun da ba a san mai shi ba ko inda aka ciro shi.

Har a takardar fatawa sun kiyaye. Imamun Nawawi (ya rasu 676), a gabatarwar Majmu'u, ya ambaci cewa idan mufti ya ga fili a tsakanin layukan tambaya ya ja layi a kansa don kada a ƙara wani abu daga baya, kuma kada ya rubuta amsa a wata takarda dabam, don gudun a raba ta da tambayarta a liƙa ta a wani wuri. Abin da suka ji tsoro ke nan, kuma shi ne abin da waya take yi cikin ƙiftawar ido.

Iyaka ta farko: mazhaba

Manomin Musawa ko Malumfashi ko Funtuwa yana neman hukuncin zakkar abin da ya noma. A mazhabar Malikiyya ana fitar da zakka a hatsi da dangin wake da wasu 'ya'yan mai da dabino da zabibi, idan sun kai wusƙi 5, wato sa'i 300. Ana ba da ɗaya bisa goma a noman damina, rabin haka kuma a wanda aka shayar da wahala. Gero da dawa da shinkafa kowanne jinsi ne mai zaman kansa, ba a haɗa su don cika nisabi. Auduga da tumatir da rake babu zakka a jikinsu, sai dai a kuɗinsu idan ya kai nisabi ya kuma shekara. A wurin Imamu Abu Hanifa kuwa ana fitar da ushiri a kusan duk abin da aka noma, kaɗan ne ko mai yawa, har da auduga.

Duka biyun maganganun malamai ne masu daraja. Ɓarnar tana zuwa ne idan aka rubuta nisabi bisa Malikiyya, sannan kalmar auduga ta kai mai karatu ga amsar da aka gina bisa Hanafiyya ba tare da an faɗa masa ba. Zai fita da hukuncin da babu malamin da ya faɗe shi, ko kuma ya riƙa tsintar mafi sauƙi daga kowane gefe. Haka batun ba da kuɗi a zakkar fidda-kai: Hanafiyya sun halatta, mashahurin Malikiyya shi ne a ba da abincin da mutanen gari suka fi ci. A rubuta sunan mazhaba a saman kowace amsa, kuma idan mahaɗi zai fitar da mutum daga mazhaba zuwa wata, a sanar da shi kafin ya latsa.

Iyaka ta biyu: wuri da al'ada

Ƙarafi ya yi wasiyya a Furuƙ cewa idan mutum ya zo maka daga wata ƙasa yana neman fatawa, kada ka ɗora shi a kan al'adar garinku. Ka tambaye shi al'adar garinsu ka ba shi amsa a kanta. Ibnul Ƙayyim (ya rasu 751) ya ware babi a I'ilamul Muwaƙƙi'in kan sauyawar fatawa da sauyin zamani da wuri da hali da niyya da al'ada.

Misalinsa a nan shi ne awo. Sa'i ma'auni ne na cika, mudun Nabi huɗu ne. Wasu malaman zamani sun ƙiyasta nisabi da kilo 653, amma na alkama suke nufi, kuma nauyin sa'in gero ko gyaɗa dabam yake da na alkama. Tiya ma tana bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, buhu kuma ya danganta da yawan tiyar da aka zuba masa. Wanda ya rubuta cewa nisabi buhu kaza ne, bai faɗi wane hatsi da wace tiya ba, ya bar ƙofa a buɗe: wani zai hana miskinai haƙƙinsu, wani zai ɗora wa kansa abin da Allah bai ɗora masa ba.

Haka lafuzzan saki na kinaya. Abin da Balarabe yake nufi da wata kalma ba lalle ne ya zama abin da Bahaushe yake nufi ba idan ya ce wa matarsa ta tafi gidansu. Haka jadawalin lokutan salla na wani gari, da sanarwar ganin wata ta wata ƙasa, alhali a Najeriya Mai Alfarma Sarkin Musulmi ne yake sanarwa.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo (ya rasu 1817), Allah Ya jiƙansa, ya kwaɗaitar da 'yan'uwa a Najmul Ihwan da su shagaltu da littattafan malaman zamaninsu, domin su suka fi sanin abin da ya fi muhimmanci a lokacinsu. Ƙanensa Malam Abdullahi kuma a Kano ya rubuta Liya'ul Hukkam, saboda buƙatar da mutanen wurin suka kawo masa. Don haka ya dace masu tattarawa su gabatar da malaman ƙasarmu da littattafan da aka saba da su a nan, irin su Samaruddani da Jawahirul Iklil da As'halul Madarik na Shaihu Abubakar Alkashnawi.

Iyaka ta uku: zamani

Duk amsar da ta ambaci naira tana da ranar ƙarewa. Nisabin zakkar kuɗi da mafi ƙarancin sadaki da diyya ana lissafa su ne da farashin zinariya, shi kuwa yana sauyawa. Lissafin bara ba ya aiki bana. A rubuta asalin hukunci da dinari, wato dinari 20 a zakka da rubu'in dinari a sadaki, sannan a sa kwanan watan da aka mayar da shi naira. Idan malami ya janye wata fatawa tasa, a cire ta ko a rubuta hakan a kanta. Ba a jingina wa malami maganar da ya bari.

Iyaka ta huɗu: halin mai tambaya

Abu Dawud ya ruwaito daga Abu Huraira cewa wani ya tambayi Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) game da rungumar iyali ga mai azumi sai ya yi masa rangwame, wani ya zo da tambayar sai ya hana shi. Wanda aka yi wa rangwamen tsoho ne, wanda aka hana saurayi ne. Kowane allazi da nasa amanu. Taska ba ta ganin fuskar mai latsawa, ba ta kuma iya sake tambayarsa.

Sharaɗi guda da aka yanke yana juya hukunci. Ɗauki jinginar gona. Malikiyya sun halatta wa mai riƙe da jingina ya sharɗanta amfana da ita idan bashin ya samo asali daga ciniki kuma an ƙayyade lokacin amfanin. Idan rance ne, sun hana, domin rancen ya jawo amfani. Mafi yawan jinginar gona a ƙauyukanmu kuwa rance ce. Wanda ya ciro rabin farko na maganar ya ɗaura shi ƙarƙashin kalmar jingina ya halatta wa mutane riba bai sani ba.

Ka tuna kuma da hadisin Jabir a Abu Dawud, na mutumin da aka rotsa wa kai a tafiya, ya wayi gari da janaba, abokansa suka ce ba su ga rangwamen taimama gare shi ba, ya yi wanka ya rasu. Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya tsananta musu ƙwarai, ya nuna cewa da sun tambaya tun da ba su sani ba. Hukuncin wanka da suka sani daidai ne. Inda suka ɗora shi ne ya kashe mutum.

Iyaka ta biyar: abin da yake na alƙali

Saki da hul'i da rabon gado da rikicin iyakar gona da nasaba ba a ƙare su da karatun waya. Mutum ya furta saki uku a kalma guda: mazhabobi huɗu sun ƙirga shi uku, Ibnu Taimiyya da Ibnul Ƙayyim sun ƙirga shi ɗaya, wasu ƙasashe kamar Masar sun ɗauki wannan a dokarsu tun 1929. Kotunan shari'a na Jihar Katsina kuwa bisa Malikiyya suke tafiya. Idan miji ya samo amsar da ta yi masa daɗi, waliyyin mata ya samo kishiyarta, babu mai raba su sai alƙali.

Wadda ta fi wannan nauyi ita ce mas'alar matar da mijinta ya ɓace, kuma yankinmu ya ɗanɗana ta saboda masu garkuwa da mutane, Allah Ya kawo mana ƙarshensu. Mace za ta karanta cewa a Malikiyya ana jiran shekara 4 sannan a yi iddar mutuwa, sai ta fara ƙirgawa da kanta. Alhali alƙali ne yake yanka wannan wa'adi bayan an kai masa ƙara ya yi bincike. Hukuncin wanda aka san yana tsare a hannun wasu dabam yake da na wanda babu labarinsa. Matar da ba ta samun ciyarwa ko take cutuwa kuma tana da wata hanyar a gaban alƙali. A irin wannan babi, a bayyana hukunci a dunƙule don ilimi, sannan mahaɗi na ƙarshe ya zama umarni da zuwa kotu.

Iyaka ta shida: fannin da ba naka ba

Muslim ya ruwaito ƙissar barbarar dabino a Madina, inda Annabi (Sallallahu Alaihi Wasallam) ya mayar da sanin harkar noma ga ma'abotanta. Malami zai ce mara lafiyar da azumi zai cutar da shi ya sha. Ko wannan mai ciwon suga azumi zai cutar da shi, likita ne zai faɗa. Malami zai ce haramun ne sayar wa mutane abincin da zai cutar da su. Wane magani ake zuba wa wake a rumbu da kwana nawa ake jira kafin a ci, wannan na malaman gona ne. Kada taska ta cika wannan gurbi da jita-jita don kawai kada a ga shafi babu komai.

Wannan iyaka tana aiki ta ɗaya gefen ma. Masu fasaha za su ba da shawara cewa a taƙaita amsa, a yawaita mahaɗai, a sa abin da mutane suka fi nema a gaba. Shawararsu abar karɓa ce a kan saurin buɗewa da saukin bincike da adana rubutu. Amma idan taƙaitawa za ta cinye sharaɗi, ko na'ura ce za ta riƙa ƙulla mas'aloli saboda kalmominsu sun yi kama, to a nan shawararsu ta tsaya. Kalmar idda guda ce, amma iddar saki dabam, ta mutuwa dabam, ta mai ciki dabam. Malami ne zai duba kowane ƙulli kafin a sake shi.

Abin da ya kamata ya kasance a jikin kowace amsa

1. Tambayar da aka yi, cikakkiya, bayan an cire sunan mai ita da duk abin da zai tona asirinsa.
2. Sunan malamin da ya amsa, da garin, da shekarar.
3. Mazhabar da aka gina amsar a kanta, da bayanin ko mashahurin magana ce ko akwai saɓani.
4. Littafin da aka ciro ta da babinsa. Wanda ya ciro daga manhaja irin su Shamila ya gwada da bugun takarda, domin kuskuren bugu yana aukuwa.
5. Rarrabe maganar malami da ƙarin mai tattarawa ko mai fassara.
6. Layi guda da yake cewa wannan amsa ba ta shafi wane da wane ba.
7. Inda za a nufa idan mas'alar ta wuce nan: limami, alƙali, likita.

Inda ba a samu amsa ingantacciya ba, a rubuta cewa ba a samu ba. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik (ya rasu 179) tambayoyi 48, ya ce bai sani ba a 32 daga cikinsu, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Allah Ya hana bin abin da mutum ba shi da ilimi a kansa a Suratul Isra'i aya ta 36, Ya kuma ƙirga faɗar abin da ba a sani ba game da Shi cikin manyan abubuwan da Ya haramta a Suratul A'araf aya ta 33.

Ga mai karatu, namiji ko mace

Ka karanta tambayar kafin amsar, ka duba ko halinka ne aka siffanta. Idan ka latsa mahaɗi uku ko huɗu, ka tsaya ka duba ko har yanzu kana kan mas'alar da ka fara da ita. Kada ka tura wa wani yankin amsa. Abin da ya shafi aurenka ko dukiyar wani ko lafiyar jikinka, ka ɗauki abin da ka karanta ka je da shi wurin malamin da ya san ka ya san garinku, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. 'Yar'uwar da kunya ta hana ta tambaya a gaban maza ta nemi malama a Islamiyya, ko ta aika mijinta ko muharraminta. Umarnin da Allah Ya yi a Suratun Nahli aya ta 43 na tambayar ma'abota sani yana nan daram, waya ba ta ɗauke shi ba.

Muna roƙon Allah Ya sanya albarka a aikin waɗannan ɗalibai, Ya ba su ihlasi, Ya tsare mu da su daga faɗar abin da ba mu sani ba.

Wallahu A'alam.